Yaya zan kwashe fayilolina daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa ba tare da na yi asarar komai ba?

Malamar Adabi ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana harkar kwamfuta a kan hanyar da ta fi aminci wajen kwashe ayyukana daga tsohuwar laftof ɗina zuwa wadda na saya kwanan nan. Tsohuwar tana ɗauke da Windows 7, rumbun ajiyarta gigabait 500 ne, kuma abin da na tara a ciki ya kusa gigabait 300. Batirinta ya daɗe da mutuwa, saboda haka da zarar an ɗauke wuta ita ma sai ta mutu nan take. Sabuwar kuwa Windows 11 ce a kanta, tana da sauri ƙwarai, sai dai rumbunta gigabait 256 ne kawai, kuma da na duba sai na ga wurin da ya rage bai ma kai 200 ba.

Abubuwan da nake tsoron rasawa su ne kundin digirina na biyu da babukansa, da takardun darussa da tambayoyin jarrabawa na shekaru masu yawa, da sakamakon ɗalibai da ke cikin Excel, da wasiƙun da ke cikin Outlook, da hotunan iyali da bidiyon bukukuwa. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina shi ne muryoyin tsofaffin matan da na naɗa lokacin da nake tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da na daɓe, domin da yawa daga cikinsu Allah Ya yi musu rasuwa.

An ba ni labarin Windows Easy Transfer, na kuma same shi a tsohuwar, amma ban gan shi a sabuwar ba. Na gwada ɗaukar babi ɗaya na kundina a filashi, da na buɗe shi a sabuwar sai na tarar duk haruffa masu ƙugiya sun rikiɗe sun zama wasu alamomi, "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗaya" ta koma "]aya". Ina kuma son sanin ko Word da CorelDRAW za su biyo ni idan na kwafe su. A ƙarshe, na yi wa ɗan yayata alkawarin tsohuwar, yana kuma ta tuntuɓata a kai. Allah Ya saka da alheri.

Mai Gyaran Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki daina neman Windows Easy Transfer, domin Microsoft ta cire shi tun daga Windows 10, kuma fayil ɗin da zai haɗa miki a tsohuwar kwamfutar ba shi da abin buɗe shi a Windows 11. A ganina hakan bai zama asara ba, domin kwafa da hannu ta fi ba mutum damar ganin abin da ya ɗauka da abin da ya bari.

Abin da zan ba ki shawara ki saya shi ne rumbun waje mai terabait 1, wanda ake jonawa ta USB. Idan kin jona shi za ki ga ya nuna kusan gigabait 931, kuma wannan ba ha'inci ba ne, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera rumbun da Windows, shi ne kuma ya sa 256 ɗinki take nuna kusan 238 tun kafin Windows ta ci nata rabon. Kada ki yi wannan aikin da filashi. Akwai filasai na jabu da yawa a kasuwa waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi fayiloli kamar komai lafiya, sai an zo buɗewa a tarar da su a lalace. Sannan yawancin ƙananan filasai suna zuwa ne da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, kuma bidiyon biki ɗaya yana iya wuce haka. Rumbun waje ki bar shi a tsarin NTFS idan da Windows kaɗai za ki riƙa amfani da shi, ko exFAT idan wata rana zai shiga kwamfutar Apple.

Tun da batirinki ya mutu, tsarin da za ki bi wajen kwafar ya fi saurinta muhimmanci. Idan ramukan USB na tsohuwar irin na 2.0 ne, abin da suke iya turawa a zahiri bai fi megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, wato gigabait 300 zai ci kusan awa 3 idan manyan fayiloli ne, ya kuma ninka haka idan dubban ƙananan hotuna ne da takardu. Ramin da ke da launin shuɗi a ciki shi ne 3.0, idan akwai shi to shi za ki yi amfani da shi. Ki nemi wurin da ke da sola ko inbata, kuma kada ki zaɓi komai gaba ɗaya ki tura. Ki fara da muryoyin, sannan kundin, sannan takardun makaranta, sai hotuna, bidiyo ya zo a ƙarshe, ta yadda ko da wuta ko rumbun ya ba ki kunya a tsakiya, abin da ba shi da madadi ya riga ya tsallake. A kowane mataki Copy za ki danna, ba Cut ba, domin Cut yana goge na asali yayin da yake tafiya.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen sanin wuraren da kayansu suke, kamar mai tashi daga gida da ba ya manta kujerun falo amma ya bar abin da ke ƙarƙashin gado. Ki shiga C:\Users, ki buɗe foldar da ke ɗauke da sunanki, a nan za ki ga Desktop da Documents da Downloads da Pictures da Music da Videos. Ki duba saman C: ɗin kansa ko akwai foldar da kika taɓa ƙirƙira a wurin, ki duba D: idan an raba rumbun gida biyu, ki leƙa foldar Public, ki kuma leƙa Recycle Bin kafin ki rabu da ita. Bayan waɗannan akwai wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData a cikin foldar sunanki, wadda ba ta bayyana sai an umarci Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Ba duka za ki kwashe ta ba, domin yawancinta tarkace ne, amma a cikinta Outlook 2007 yake ajiye wasiƙu a fayil mai ƙarewa da .pst, ƙarƙashin Local\Microsoft\Outlook. Daga Outlook 2010 kuwa an fi samun wannan fayil a Documents\Outlook Files. Ki rufe Outlook kafin ki kwafe shi.

Manhajoji irin su Word da CorelDRAW ba sa tafiya ta hanyar kwafa, domin lokacin da aka girka su sun warwatsa sassansu a wurare da dama na Windows, kuma foldar da ke Program Files wani yanki ne kawai. Sai an sake girka su a sabuwar da lasisinsu. Ayyukan da kika yi da su ne za ki ɗauka, kuma sabon Word yana buɗe tsofaffin fayilolin .doc, haka ma sabon CorelDRAW yana buɗe na tsohonsa, ko da yake tsohon ba ya buɗe na sabon.

Idan kin gama kowace folda, ki danna ta da maɓallin dama ki zaɓi Properties a ɓangarorin biyu, ki kwatanta yawan fayiloli da kuma adadin da ke gaban Size. Kada ki damu da Size on disk, domin shi yana iya bambanta daga rumbu zuwa rumbu. Daga nan ki buɗe wasu da kanki, ki saurari wasu muryoyin har zuwa ƙarshensu.

Tsohon Akawu ya amsa:

Malama, ni zan tsaya ne a kan maganar haruffa masu ƙugiya, domin sana'ata ce ta buga takardu tun zamanin tafireta. Ki kwantar da hankalinki, kundinki bai lalace ba ko kaɗan. Lokacin da kwamfuta ta shigo mana babu ƙ da ɗ da ɓ a cikin samfuran haruffan da ke zuwa da Windows, sai Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da samfuran haruffan Hausa a shekarun 1990, kuma wanda aka fi sani a wurin masu buga littattafai da kundaye shi ne Rabi'at. Dabarar da aka yi ita ce an ari gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba, aka zana haruffanmu a kansu. Saboda haka abin da ke rubuce a cikin fayil ɗinki tun asali "}asa" ne, samfurin haruffan ne yake nuna miki shi a matsayin "ƙasa", kuma da kika kai shi inda babu wannan samfurin sai ainihin alamar ta fito fili.

Magani na kusa shi ne ki shiga C:\Windows\Fonts a tsohuwar kwamfutar, ki kwafo samfurin da kika yi rubutun da shi, ki kai shi sabuwar, ki danna shi da maɓallin dama ki zaɓi Install. Da kin sake buɗe babin komai zai dawo yadda kika san shi. Ki haɗa da duk wani samfurin Larabci ko na ado da kika taɓa sakawa da kanki, musamman waɗanda kika yi aikin CorelDRAW da su, domin shi ma idan ya rasa samfurin da aka yi zane da shi sai ya musanya da wani, tsarin shafin ya wargaje. Wannan foldar ba ta cikin foldar sunanki, shi ya sa kusan kowa yake mantawa da ita.

Sai dai ina ba ki shawara kada ki tsaya a nan. Muddin kundin yana kan tsohon tsari, duk wanda kika tura wa shi kuma ba shi da samfurin zai ga alamomin nan, idan kuma aka ɗora shi a intanet babu mai neman kalmar "ƙasa" da zai same ta. Yanzu haruffanmu suna da gurbinsu na kansu a tsarin Unicode, suna cikin Times New Roman da Arial, kuma Windows 11 tana da allon madannai na Hausa da za ki iya ƙarawa a wurin zaɓin harshe. Hanyar juyawa ita ce Find and Replace na Word: a takardun da suka ratsa ta hannuna, } tana zama ƙ, { tana zama Ƙ, ] tana zama ɗ, [ tana zama Ɗ, ~ kuma tana zama ɓ, amma ki tabbatar da kowace alama a naki kafin ki danna Replace All. Tun da kundin adabi ne, mai yiwuwa akwai wuraren da kika yi amfani da baka-biyu na gaske, waɗanda dole da wani samfurin kika buga su. Domin kada su shiga cikin canjin, ki danna Format sannan Font a cikin akwatin neman, ki taƙaita binciken ga tsohon samfurin kaɗai. Bayan kin gama sai ki mayar da rubutun duka zuwa Times New Roman, ki kuma bi bayanan ƙasan shafi da kanun shafuka ki gani ko canjin ya kai gare su.

Kafin ki taɓa komai, ki ajiye kundin a matsayin PDF daga tsohuwar kwamfutar, domin canza samfurin haruffa yana motsa lambobin shafi, kuma za ki so ki riƙe kwafi ɗaya da ya dace da wanda kika miƙa wa jami'a. Ki yi juyin a kan kwafi, na asalin ya zauna yadda yake. Akwai kuma wani ƙaramin fayil da marubucin Hausa zai yi kewarsa, wato CUSTOM.DIC da ke AppData\Roaming\Microsoft\UProof, wanda a cikinsa Word yake tara kalmomin da kika ce ya daina ja musu jan layi.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Gaisuwa ga Malama da sauran 'yan'uwa. Bayanin Injiniya Mai Gyaran Kwamfuta ya gamsar, amma ina da saɓani da shi a wuri ɗaya. Bai kamata a dogara da kwamfutar da ba ta da batir ta yi aikin awoyi ba, alhali ga sabuwa mai lafiyayyen batir a ajiye. Laftof ta zamanin Windows 7 kusan kullum rumbunta SATA ne mai inci 2.5, kuma a yawancinsu murfi ɗaya ake kwancewa a ƙasa a zaro shi. Ana sayar da ɗan akwatin da ake saka irin wannan rumbu ya koma na waje, kuɗinsa kuma bai kusa na sabon rumbu ba. Idan aka jona shi a sabuwar kwamfutar, ita ce za ta ba shi wuta, ɗaukewar lantarki ba za ta shafe shi ba, kuma zai yi gudun USB 3.0, wanda ga irin wannan rumbu yana iya kaiwa megabait 100 a daƙiƙa. Lokacin da za ki shiga foldar sunanki Windows za ta ce ba ki da izini, sai ki danna Continue ki ba ta lokaci.

Ga mai iya rubuta umarni, akwai robocopy da ke cikin Windows tun daga Vista. Misali, idan tsohon rumbun ya fito a E: kuma inda za a zuba yana F:, sai a buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta robocopy E:\Users\Suna F:\Ajiya /E /XJ /R:1 /W:1. Amfaninsa shi ne idan aikin ya katse aka sake ba shi umarnin, yana tsallake abin da ya riga ya kwafa, yana kuma iya ɗaukar fayilolin da sunan hanyarsu ya wuce haruffa 260, waɗanda kwafar yau da kullum take ƙi. Dole a sa /R:1, domin idan ba a sa ba zai yi ta sake gwada fayil ɗin da ya ƙi karantuwa har sau miliyan ɗaya. A kuma guji /MIR, domin yana goge duk abin da ya tarar a wurin zubawa wanda babu shi a wurin ɗauka.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar masu Windows ta Faransanci, sunayen da ake gani kamar Bureau da Téléchargements fassara ce ta fuska kawai, a cikin rumbun Desktop da Downloads ne, kuma da waɗannan ake rubuta umarnin.

Malamar Adabi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Baba Akawu, na sami samfurin a inda ka ce, kuma babin ya dawo daidai. Injiniya, ina da ƙarin tambayoyi biyu. Filashin da na yi gwajin da shi, bayan an kai shi shagon buga takardu, foldodin da ke cikinsa duk sun koma masu ɗan kibiya a gefe, kuma ina tsoron kada in kai wa sabuwar kwamfutar cuta. Sannan idan na bi shawarar Ɗan Damagaram na zaro rumbun, shin har yanzu ina bukatar sayen wani na waje? Har ila yau ban gane yadda gigabait 300 zai shiga wurin da bai kai 200 ba.

Mai Gyaran Kwamfuta ya sake amsawa:

Malama, abin da ya kama filashinki shi ne bairos ɗin nan mai ɓoye foldodi ya ajiye gajerun hanyoyi masu kama da su, kuma yana shiga kwamfuta ne lokacin da aka danna ɗaya daga cikin masu kibiyar. Kada ki danna ko ɗaya. Ki jona filashin a sabuwar kwamfutar, ki danna shi da maɓallin dama ki sa Microsoft Defender, wato maganin bairos na Windows, ya bincike shi, sannan ki buɗe Command Prompt ki rubuta attrib -h -r -s /s /d G:\*.* idan G: ne harafin filashin. Foldodinki na gaske za su bayyana, ki kwashe abin da kike so, ki yi wa filashin fomat. Idan kin taɓa danna masu kibiyar a tsohuwar kwamfutar, ki ɗauka ita ma ta kamu, kuma wannan ya ƙara wa shawarar Ɗan Damagaram ƙarfi, domin rumbun da aka zaro aka jona daga waje ba Windows ɗinsa ce take aiki ba, saboda haka cutar ba ta tashi da kanta. Ki bincike shi shi ma kafin ki fara kwafa, kuma ki bar duk fayilolin .exe da ke Downloads a inda suke.

Na yarda da shi a kan zaro rumbun, amma da sharaɗi biyu. Na farko, akwai abubuwan da sai tsohuwar tana kunne ake iya fitar da su cikin sauƙi. Kalmomin sirrin da Chrome ya adana a ɗaure suke da asusunki na waccan Windows ɗin, kwafar foldarsu ba za ta buɗe su a wani wuri ba. Ki shiga saitin Chrome ki fitar da su, ki fitar da adiresoshin shafukan da kika adana, ki shigar da su a sabuwar, sannan ki goge fayil ɗin kalmomin sirrin nan take, domin a fili yake rubuta su, kowa zai iya karantawa. Haka kuma idan kin ga wata folda da sunanta yake da launin kore a Windows 7, alama ce an kulle ta da tsarin EFS, kuma sai kin cire kullen daga tsohuwar kafin ta buɗu a ko'ina. PDF ɗin da Baba ya ambata shi ma kafin zarowa za ki yi shi.

Na biyu, ɗan akwatin ba ya maye gurbin sabon rumbu. Rumbun da ya yi shekaru fiye da goma yana juyawa ba abin da za a bar wa amanar kwafi ɗaya tilo ba ne. Ki sa manhajar CrystalDiskInfo ta duba lafiyarsa, kyauta ce, kuma idan ta nuna Caution, ko kika ji yana wani ƙas-ƙas, ki kwashe muryoyin da kundin kaɗai ki kashe shi, sauran ki kai wa wanda ya iya kwafar rumbu gaba ɗayansa.

Game da wuri kuwa, ba dole ne komai ya shiga sabuwar ba. Takardu da kundi da Excel da wasiƙu da wuya su cinye wani abin kirki, bidiyo da hotuna ne suke cika rumbu. Ki sa abin da kike aiki da shi a sabuwar, bidiyon bukukuwa su zauna a rumbun waje, ki kuma bar wa Windows sarari na gigabait 30 ko 40 saboda sabuntawa. Ki lura da abu biyu a Windows 11. Idan da asusun Microsoft aka buɗe ta, mai yiwuwa OneDrive yana tura Desktop da Documents da Pictures zuwa intanet, kuma kyautarsa gigabait 5 ce kawai, saboda haka idan kika zuba hotuna masu yawa zai cinye miki data ya kuma cika, ki duba saitinsa tukuna. Sannan da yawa daga cikin sababbin kwamfutoci rumbunsu a kulle yake da BitLocker ba tare da mai ita ya sani ba, kuma mabuɗinsa lambobi 48 ne da ake ajiyewa a asusun Microsoft. Ki shiga asusun ki rubuta su a takarda, domin dabarar zaro rumbu ba za ta yi aiki a sabuwar ba ranar da ta lalace sai da wannan mabuɗin. Fayil ɗin .pst kuma ki buɗe shi da Outlook na cikin Office, ba sabon Outlook da ke zuwa tare da Windows 11 ba.

Ma'aikaciyar Laburare ta amsa:

Yar'uwa Malama, maganar muryoyin ce ta sa na sa baki. Ki bar su a tsarin da aka naɗe su, ko WAV ne ko WMA ko AMR na tsofaffin wayoyi, kada ki juya su zuwa MP3 ki goge na asali don neman wuri, domin juyawar tana zubar da wani ɓangare na sautin da ba ya dawowa. Idan kina son na saurare a waya sai ki yi kwafi dabam. Manhajar VLC tana buɗe kusan dukkan waɗannan tsare-tsaren idan sabuwar kwamfutar ta ƙi wani.

Ki kuma sani cewa kwafa tana canza ranar da Windows take nunawa a matsayin ranar ƙirƙirar fayil, kuma idan na'urar naɗin sunaye irin su REC001 ta ba su, wata rana ranar ce kaɗai shaidar da za ta rage. Tun kina iya tunawa, ki buɗe takardar Excel ki rubuta sunan kowane fayil da garin da aka naɗe shi da shekarar da wadda ta yi waƙar ko tatsuniyar, ki ajiye takardar a cikin foldar muryoyin. Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi suke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani gida dabam, saboda gobara da sata da ambaliya ba sa bambanta laftof da rumbun da ke jaka ɗaya da ita. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da hotuna suke ci daga ciki, kuma awa ɗaya ta WAV mai ingancin faifan CD ta wuce megabait 600, saboda haka ki lissafa ki gani. Ko bai ɗauki muryoyin duka ba, zai ɗauki kundin da waɗanda masu su suka rasu.

Game da ɗan yayarki, kada ki ba shi kwamfutar da wannan rumbun a ciki. Delete da Quick Format ba sa share abin da ke rumbu, suna cire sunansa ne kawai daga jeri, kuma manhajojin dawo da fayil suna fito da shi cikin sauƙi, ga shi kuwa akwai sakamakon ɗalibai da hotunan iyali, kuma ba ki san hannun da kwamfutar za ta faɗa ba bayan nasa. Tun da za ki zaro rumbun, ki riƙe shi a akwatinsa ya zama ɗaya daga cikin kwafi ukun, ki saya wa yaron ƙaramin SSD na SATA, wato sabon nau'in rumbu marar juyawa, a sa masa a gurbinsa, wanda zai ma sa kwamfutar ta fi da sauri. Idan daga baya kin yanke shawarar rabuwa da tsohon rumbun, ki yi masa fomat bayan kin cire alamar da ke kan Quick Format, domin tun daga Vista cikakken fomat yana bin rumbun duka ya rubuta sifili. Wanda zai girka masa tsarin aiki ya san cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, sannan kwamfutar wancan zamani ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka idan karatu da shiga intanet ne bukatarsa, wani tsarin aiki mai suna Linux Mint zai ɗauke shi.